Ranar da Muka Sallami Reto

Shekara goma sha takwas Reto ya yi yana tsaron raga a kulob ɗin ƙauyenmu, har yatsunsa suka karkace. Da gwiwa ta gaza, ya koma horar da mu. Kullum ihunsa ɗaya ne: "Hannu sama, ragwaye!"

Bana mu ne na ƙarshe a teburin gasa. A taron shekara, shugaban kulob ya ce mai son a sallami Reto ya ɗaga hannu, yadda muka saba yanke komai.

Reto ya bi hannayen da kallo ɗaya bayan ɗaya, har ya iso kan nawa.

Ya ce, "Miƙe shi sosai mana, Ueli. Shekara tara ina faɗa maka."

Na miƙe shi.