Robar Kafiretar Dogo

"Tura mana! Ko ƙarfin ne ya ƙare?"

"Kai dai riƙe babur ɗin, ka bar ni da turawa," in ji Bakanike yana nishi.

Gwiwarsa guda na ƙasa, tafin hannunsa na bayan kafiretocin nan biyu, yana danna su cikin robobin da ke haɗa su da inji. Ta hagu ta shiga, ta dama ta ƙi. Da ya matsa wa ta dama sai ta hagu ta fito. Dogo, maƙwabcinsa, shi ke riƙe da kan babur ɗin, amma babur ɗin sai tangaɗi yake yi.

"Wai riƙewa kake ko jingina? Dubi yadda ka rame, kamar sandar shanya."

"Olsa ce," in ji Dogo. "Ni dai ban taɓa ganin bakaniken da roba ta gagara ba sai kai."

Katanga guda ce tsakaninsu tun suna angwaye. Da Dogo ya ajiye tuƙin babbar mota, sai ya jajibo wani tsohon babur mai bakin inji biyu daga wurin masu gwangwan, ya kafa shi ƙarƙashin rumfar kwano a tsakar gidansa. Kullum Bakanike ya rufe gareji nan yake zarcewa. Su yi aiki kaɗan, su yi musu da yawa.

Robobin sun tsufa, sun ƙage kamar ƙashi. An jiƙa su a ruwan zafi, an shafa musu sabulu. Bakanike ya sake tattaro ƙarfi ya danna, sai ta dama ta tsage tun daga baki har gindi.

"Shi ke nan. Ko ta zauna iska za ta riƙa sha, inji ya yi ta haki. Sai sabuwa, kuma irinta babu a garin nan."

Dogo ya lallaba ya zauna a kujera, ya daɗe yana kallon robar.

"Akwai a babbar kasuwar kayan gyara. Ka tafi ranar Talata."

"Tafiyar wuni guda fa ce. Talata ina da aiki, sai dai ƙarshen mako."

"Talata," in ji Dogo. "Haba maƙwabci, sau nawa na taɓa roƙonka?"

Ranar Talata Bakanike ya tafi. Ya bi rumfuna layi-layi har ya dace da wani dattijo mai irin robar kala biyu. Ya kira Dogo a waya don ya auna masa bakin kafiretar. Dogo ya ce yana kwance, ba zai iya tashi ba, ya sayo mai faɗin. Ta bayansa ana jin takun mutane da ƙarar wani abu mai taya.

"Kana ina ne haka?"

"Gida mana. Talabijin ne. Kar ka bari su cuce ka, fuskarka ta baƙauye ce."

Bakanike ya yi dariya, ya zage shi, ya kashe waya. Motar komawa gida ta ƙare, ya kwana can. Da safe yana hanya Tela na bakin layinsu ya kira shi, ya ce ya yi sauri, bai ƙara komai ba.

Da ya sauka da la'asar, kujeru ne jere a ƙofar gidan Dogo. An riga an kai shi an dawo.

Tela ne ya tare shi, ya kama hannunsa. "Sai haƙuri. Bai farfaɗo daga aikin ba. Dama likita ya ce ko a dace ko a rasa."

"Wane aiki?"

Tela ya dubi Mai Shago na layinsu, da ke tsaye kusa da su. Mai Shago ya sunkuyar da kai.

"Na ce wane aiki?"

"Ciwon daji ne a hanji. Tun bara aka gano. Mun ɗauka daga baya ya gaya maka."

"Mun? Ku wa?"

Ashe kowa. Tela ya sani, Mai Shago ya sani, mai kemis ya sani. Mai Shago ne ma ya kai shi asibiti a motarsa da safiyar Talata, bayan sun leƙa sun tabbatar Bakanike ya bar layin. Har matar Bakanike, da ya shiga gida ya dube ta, sai ta fashe da kuka ta ce rantsar da ita aka yi.

Bai zauna a kujerun ba. Ya wuce cikin gidan Dogo da ledar robobin a hannu, ya tarar da matar marigayin zaune a bakin ƙofar ɗaki, mata kewaye da ita.

"Yaya," ya ce, don haka yake kiranta, "me na yi muku?"

"Ba ka yi komai ba."

"Ni na ɗauke ki zuwa asibiti ranar haihuwar 'yarku yana kan hanya. Ni na riƙe shi ranar da mahaifiyarsa ta rasu. Mai Shago ne zai kai shi, ni a aike ni sayen roba kamar yaron gida?"

Ta share ido da gefen mayafi. "Cewa ya yi duk wanda ya sani ya daina yi masa gardama. Kowa sai sannu, sai a kawo masa matashi. Ya ce kai kaɗai ka rage mai zaginsa, ba ya son ya rasa wannan."

"To ya samu abin da yake so. Ni fa? Maganar ƙarshe da na yi masa zagi ne a waya. Sandar shanya na kira shi, Yaya, yana mutuwa a gabana. Ya bar ni ina yi, ku kuna kallo."

Ya ajiye ledar a kan kujerar babur ɗin ya fita.

Makonni bai taka gidan ba. Ya canza shagon da yake sayayya. Tela in ya gaishe shi, hannu kawai yake ɗagawa. A gida ma magana tsakaninsa da matarsa ba ta wuce ta dole. Abin da ya fi ci masa rai shi ne ƙaryar talabijin ɗin nan, yadda ta fito daga bakin Dogo sumul, ko gargada babu.

Wata rana da hantsi matar Dogo ta ƙwanƙwasa masa ƙofa. Ta ce za ta koma wurin 'yarta, ba ta son barin babur ɗin da ciki a buɗe.

"Ba don shi zan yi ba," in ji Bakanike.

"Na sani."

Ya cire tsofaffin robobin, ya goge bakin injin, ya ɗaura sababbin. Ya sassauta zoben ƙarfen da ke matse su, ya shafa sabulu. Ita ta riƙe kan babur ɗin, ta tokare tayar gaba da bango. Ya fara da ta dama, ya karkato ya danna ta hagu, duka biyun suka faɗa mazauninsu da 'yar ƙara. Ya zagaya yatsa ya ji baki ya zauna daidai, ya ɗaure zobban, ya maƙala wayar totur da tiyon mai, ya mayar da akwatin iska. A taku na uku injin ya kama, ya daidaita da murya guda, ba haki ba tari.

Ta saki kan babur ɗin ta shige ɗaki da sauri. Bakanike ya bar shi ya yi zafi, sannan ya murɗa makulli ya kashe shi. Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, baƙin mai har gwiwar hannu. Hayaƙin ya taru ƙarƙashin rumfar, yana zarewa a hankali ta wata huda a jikin kwanon.