Foldar Malam Audi

Shekara tara ina sana'ar turi, wato zuba wa mutane waƙa da fim a memorin waya, a bakin kasuwar Ƙanƙara, kuma duk wanda ya ce maka na taɓa ɓatar mashi da hoto ɗaya, ka ce ni Salim na ce ƙarya yake. Ƙa'idata guda ce: duk memorin da aka kawo mani, kafin in zuba mata wa'azi ko fim, sai na kwafe abin da ke ciki kaf zuwa wani baƙin akwatin ajiya da nake kira rumbu, in buɗe folda da sunan mai ita. Abokan sana'a dariya suke mani, wai na cika tsirfa. Su dai su ji da bairos ɗin da ke cinye masu kayan kwamfuta.

Mutanen ƙauyen Ƙetare kuwa suna da wata ɗabi'a mai ƙona mani rai. Tun da hanya ta zama abin tsoro ba kowa ke shigowa kasuwa ba, sai su tara memorinsu su ba mutum ɗaya, kowace a naɗe cikin 'yar takarda da suna. Abu ƙarami kamar ƙwayar kabewa, a aljihun mai babur! Takardu su warware, ya mayar yadda ya ga dama. Na yi faɗa har na gaji. Rabo ke kawowa, ƙanen Malam Audi, mutum mai fara'a, kullum da goro a baki.

Rannan da hantsi Rabon ya sauke wata mata a ƙofar shagona, ya ce Hajiya Suwaibatu ce, matar yayansa, wa'azi take so, shi zai leƙa layin masu taki ya dawo. Na san labarinta. Wata huɗu ke nan 'yan bindiga suka tare Malam Audi a gonarsa ta bakin rafi, bayan kwana biyu aka tsinci gawarsa. Sun tafi da wayarsa.

Sai da ƙarar babur ta yi nisa ta faɗa mani gaskiya, kanta a sunkuye. Ba wa'azi ya kawo ta ba. Marigayin yakan naɗi karatunsa a waya, ga autarsu Hussaina ta fara mance muryar ubanta. Ta ji an ce ba na zubar da komai. Kunya ta hana ta faɗa wa ƙanen miji cewa muryar yayansa take nema.

Tausayi ya kama ni, ga kuma ɗan alfahari, ba zan ɓoye ba. Sau biyu aka wanke kwamfutata, aka goge komai, tun bayan rasuwarsa, amma rumbu na nan. Na jona shi, na laluba, sai ga foldar: Ƙetare, Malam Audi. Kwana uku kafin a kashe shi aka ajiye ta. Na maido ta kan kwamfuta, na zuba a sabuwar memori. Muryoyi ne birjik a ciki, don ƙananan wayoyin nan suna naɗar kira da kansu, masu su ba su ma sani ba. Na ba ta kunnen iyafis ɗaya, na sa ɗaya, na danna ta ƙarshe.

Ba karatu ba ne. Muryar Rabo ce, har taunar goron ana ji.

"Laraba zai je bakin rafi, shi kaɗai. Ya gan ni da ku. In ya kai maganar ga 'yan sa-kai, na mutu."

Wata murya ta ce an gama.

Nan take na gane. Takardun nan ne suka sake warwarewa: memorin Rabo ta shigo da sunan yayansa. Hajiya ba ta yi kuka ba. Ta zare iyafis a hankali, ta karɓi memorin, ta ƙulle a bakin zanenta ƙulli biyu. Na roƙe ta kada ta bi Rabo, ta kwana a gari, in raka ta wurin hukuma. Ta ce Hussaina na gida, kuma in ta ƙi hawa yanzu zai gane. Ta dai bar mani lambarta.

Muna cikin haka inuwa ta rufe ƙofa. Ni da bakina bai mutuwa, wallahi na kasa ko rufe allon. Rabo ba ya da boko mai yawa, amma ya iya karanta sunansa, ga shi kuwa ƙarƙashin na yayansa: Ƙetare, Rabo. Ya daɗe yana kallo. Ya daina tauna.

"Malam Salim, ashe ajiyewa kake yi?"

Na ce ai waƙoƙi ne kawai. Ya yi murmushi, ya ce madalla, sana'a ta yi kyau. Ya dubi bakin zanen Hajiya, ya ce ta taso kada rana ta yi.

Na tsaya a ƙofa ina kallonsu. Ta hau bayansa, ta riƙe ƙarfen kujera da hannu biyu. Hanyar Ƙetare a wannan lokaci dawa ta fi mutum tsawo, hagu da dama.

Azahar ta wuce, na kira lambarta, ba a ɗauka ba. Na sake, na sake. Ana kiran la'asar aka ɗauka, na ce Hajiya, kin isa lafiya?

"Malam Salim," in ji Rabo, "kana shago?"