Inda Ya Sa Tsinke

Ni ba ma'abociyar karatu ba ce, kada wani ya ɗauke ni haka. Bokon da na yi na ajin yaƙi da jahilci ne a nan Yammedi, da girmana, ina goye da auta. Ko a ajin ma ni ce kullum malama ke cewa, "Barira, ki daina bin baƙi da yatsa." Ban daina ba. Da yatsan nan na karance akwati guda na littattafai a shekarar da ta wuce, kuma ba don sha'awa ba.

Littattafan na ɗana ne, na fari, saboda haka ba a jin sunansa a bakina. Tun da na haife shi "yaron nan" nake cewa, har ya yi gemu. Malamin firamare ne a wani ƙauye can wajen Rogo. Kakar bara, ana cirar gyaɗa, ya tayar da babur da safe ya tafi makaranta. Bai isa ba. Hularsa kawai aka tsinta a gefen wata gonar rake. Babu wanda ya kira mu a waya, ba a kuma ga gawa ba. Mahaifinsa, Malam, ya yi yawon ofis-ofis tsakanin Karaye da Kano har takalminsa ya cinye.

Da aka gama kai amfanin gona gida, wata rana bayan azahar Malam ya zauna a ƙofar ɗakina, ya daɗe yana jujjuya carbi.

"Barira, mu haƙura," ya ce. "A kira Liman a yi wa Yusha'u addu'a, a yi sadaka. A buɗe ɗakinsa, littattafan nan a kai makarantarsu yara su amfana."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Wa ya nuna maka kabarinsa, Malam? Addu'ar mamaci za ka yi wa wanda ya fita da ƙafarsa?"

"Ba faɗa na zo yi ba."

"To ba mai taɓa littafi ko ɗaya sai na karance su tas."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ya dube ni. Ya san karatuna, ya san takardar magani ma sai in wuni a kanta. Ya ce, "Shi ke nan. Ranar da kika gama, ki gaya mini." A kan haka muka tsaya: muddin ina karatu, ɗakin yana nan yadda yake, kuma yaron nan tafiya ce kawai ya yi.

Da littattafan labarai na fara, cikin sanyi, ina zaune a rana da mayafi. Ban ji daɗinsu ba. Mutanen ciki kowa ya ɓata sai ya dawo, ni kuwa haushinsu nake ji. Daga nan na shiga wani na aikin gona, mai kauri. Da shi muka fi yin faɗa. Wai a bar tazara kaza tsakanin gyaɗa da gyaɗa; wanda ya rubuta, na rantse bai taɓa duƙawa da fartanya ba. Amma na so shi, don ya cinye mini kwanaki da yawa.

Da bazara na kai ga na Turanci. Ba na jin Turanci ko na sisi, amma alkawari karatu na ce, ban ce fahimta ba. Sai in ɗora yatsa in riƙa haɗa baƙi da baƙi da ƙarfi. Maƙwabciyata Talatu ta leƙo ta katanga ta ce, "Sannu Baturiya, yaushe za ku koma ƙasarku?" Na ce ta bari sai na aiko mata da jirgi. Muka yi dariya, daga baya na ji tana jan hanci a bayan katangar.

Ba abin da ke cikin littattafan ne ya fi zauna mini ba. Sai dai shatin yatsan yaron nan na manja a gefen wani shafi. Sauron da ya matse ya bushe a tsakiyar taswira. Sunansa da ya rubuta a bangon kowane ɗaya, wanda nake dubawa da ido in wuce, bakina a rufe. Kewarsa takan taso mini.

Malam bai taɓa ce mini ina aka kwana a karatun ba. Sau ɗaya, da damina, ya ga idona na ruwa, ya sayo mini tabarau a kasuwar Karaye. Na jefar da shi a kan tabarma na ce, "So kake in gama da wuri, ko?" Ya ɗauka ya goge da bakin rigarsa ya ajiye a kan taga. Sai da na yi mako ina hararar tabarau ɗin kafin na sa.

Akwai littafi ɗaya da na tura can ƙasan akwati tun farko. Shi ne wanda na tarar a kan filonsa, da tsinken tsintsiya a ciki, alamar inda ya tsaya. Labarin wani mahaƙin rijiya ne da ya rantse sai ya samo ruwa a kan wani tudu, duk gari suna ce masa ya bari. Ana gobe zai tafi, yaron nan yana cin gyaɗa a tsakar gida ya ce mini, "Inna, mutumin nan taurin kansa irin naki ne. Bari in gama in gaya miki ko ya samu ruwan."

Da aka sake fara cirar gyaɗa, littafin nan kaɗai ya rage. Na yi dabarata: zan karanta har inda tsinken yake, in tsaya. Ban gama ba ke nan, kuma ba ƙarya na yi ba. Ya dawo ya tarar da wurinsa.

Da hantsi na zauna a gindin darbejiya na buɗe. Abin da bai taɓa faruwa da ni ba duk shekarar, shi ya faru. Labarin ya ja ni. Mutumin nan yana haƙa, matarsa ta yi yaji, igiya ta tsinke, ya sayar da akuyarsa ya sayi wata igiyar. Ina ta ce masa a raina ka ci gaba, kada ka saurare su. Har yatsan na manta ban ɗora ba. Ƙasa ta fara fitowa da danshi, ni kuma ina ta buɗa shafi.

Kiran sallar azahar ne ya dawo da ni. Na sunkuyar da kai, sai ga tsinken a kan zanena.

Na ɗauke shi. Na koma baya ina buɗawa, ko zan ga shatin da ya bari a takarda. Babu. Nan ne, ko can? Ban sani ba. Shekara guda tsinken nan yana riƙe masa wurinsa, ɓera bai taɓa shi ba, yoyon damina bai taɓa shi ba, sai ni. Na so in cusa shi ko'ina in rufe, amma wa zan ruɗa? Na yi kuka mai isata, na goge tabarau, na karanta ɗan abin da ya saura.

Malam ya dawo daga masallaci ya same ni da littafin a rufe, tsinken a hannuna. Ya tsaya daga nesa. Ashe shi ma ya ji abin da yaron nan ya faɗa ranar da yake cin gyaɗa.

"Ya samu ruwan?" ya ce.

"Bai samu ba."

Ya gyaɗa kai, ya nemi bango ya jingina.

Na ce, "Ka kira Liman, Malam. A yi wa Yusha'u addu'a."

Ranar ce sunan ya fara fita daga bakina.