Miyar Tukunya ta Tara

Mu goma sha biyu muka hallara a santar ta koyon girki a Mayahi, gurbin ɗalibai kuwa shida ne kacal. Gwajin ba wuya: kowa ya haɗa miyar gyaɗa, ya ɗanɗana a gaban mai gwaji, sannan ita ma ta ɗanɗana. Namiji ɗaya ne a cikinmu, Hashim, Bafulatani daga wajen Tchaké. Fari ya cinye masa shanu, matarsa Aziza ga ciki ya tsufa, shi kuwa ya ƙudura sai ya zama kizinye, wato kuku, a otel.

Mun ɗora tukwane ke nan mai gwaji ta shigo da farin tabliye, rigar girki. Hajiya Zara'u ce, mai girkin bukukuwa, an ɗauko ta ne don malamar wurin ta haihu. Kuma ita ce ta haifi Aziza.

Nan take Hashim ya juya mata baya, don a gidansu ko ruwa mutum ba ya kurɓa a gaban suruka. Ita ma Hajiya ta juya nata, Aziza ƴar farinta ce. Haka ya yi girkin a ruɗe, a kan idona ya zuba gishiri sau huɗu.

Da aka zo kansa, Hajiya ta dubi bututun gaz ta ce, "Kai gaz, hwaɗa ma mai tukunya ta tara ya ɗanɗana miyasshi."

Hashim ya ce wa ludayi, "Ludayi, ce ma Inna na ƙoshi."

"Gaz, ce mashi ba ƙoshi aka tambaya ba. In bai ɗanɗana ba, babu gurbi."

Haushi ya ishe ni, tawa miyar na ta hucewa. Na tura shi ƙarƙashin tebur da ludayinsa, muka lulluɓe teburin da zane. Can sai muka ji muryarsa, wai ƙafafun Inna na kallonsa. Ya fito, ya kwance tabliye, ya ninke shi tsaf ya ajiye, ya fita kansa a ƙasa. Wallahi ya ba ni tausayi, har na manta da haushin.

Hajiya ta jira takunsa ya ɓace, sannan ta kai miyar baki. Idanunta suka kawo ruwa, ta shanye ruwa kofi biyu a tsaye. Ta miƙo mini biro da takardar waɗanda suka ci.

"Balkisu, rubuta min sunan wancan, ni hannuna bai iyawa."

"Hajiya, ai bai ɗanɗana ba."

"Na ɗanɗana mashi. Mutumin da zai ba jikana wagga miya, ba a barin shi ya koma gida haka nan."

Na rubuta ina dariya. Sai da na ɗaga biro na ga ashe layi na shida na cike, kuma a biyar ɗin sama babu Balkisu.