Warin Gas a Gidan Haya

Gidan hayar bene ne, kuma kowa da yarensa. Mai ɗinkin da ke shagon ƙasa ita ce bakin kowa. Ta yi wannan yaren da makanike, ta juya wancan da matar direba, har ake tsokanarta da Rediyo.

Wata rana da hantsi tana kan keken ɗinki sai wari ya bugi hancinta. Ta leƙa tsakar gida. Tukunyar gas ɗin wata mai sayar da abinci ce a ƙarƙashin matakala take huci, mai ita kuwa ta tafi kasuwa. Makanike ya murɗa kan tukunyar, ya murɗa, ya ɗago fuska duk gumi.

"Ya lalace, ba ya rufuwa. Fitar da mutane, ni zan kira 'yan kwana-kwana."

Rediyo ta bi ƙofa ƙofa tana bugawa, kowa da harshen da zai ji: a fita, kada a kunna komai. Sai da suka taru a titi matar direba ta dafe ƙirji.

"Rediyo, tsohuwar sama fa?"

Mahaifiyar wata nas ce da ke haya a sama, ba a daɗe da kawo ta daga ƙauye ba. 'Yarta na wurin aiki, ita kuwa kullum a kulle take.

Rediyo ta toshe hanci da mayafi ta hau sama. Ta taga ta hango tsohuwar a tsugune gaban risho, da kwalin ashana a hannu.

"Baba, kada ki kunna!"

Tsohuwar ta yi murmushi, ta ɗaga mata hannu. Rediyo ta sauya yare, ta sake sauyawa. Tsohuwar ta zaro tsinke tana gunaguni ita kaɗai.

Gunagunin ne ya daki kunnen Rediyo. Yaren kakarta ne, wanda rabonta da shi tun tana ƙarama. Ta lalubi kalma ta rasa, sai abin da kakar ke faɗa mata da tsawa in ta ɗauki wuƙa. Ta ƙwala shi iya ƙarfinta:

"Ajiye, 'yar banza!"

Tsinken ya faɗi. Tsohuwar ta miƙe a fusace, ta zare sakata don ta ga marar kunyar da ta zage ta. Rediyo ta sungume ta ta yi ƙasa, tsohuwar na dukan bayanta.

A titi Rediyo ta sauke ta, ta zube a bakin kwata tana amai. 'Yan kwana-kwana suka fitar da tukunyar.

Da nas ta iso a guje, uwar ta tare ta da dogon bayani tana nuna Rediyo.

Rediyo ta ce, "Me take cewa?"

Nas ta share hawaye. "Wai ba ki da tarbiyya. Kuma wai ke jikar wace ce?"