Kumatun Auta

Auta shekararta ashirin da uku, tana aiki a shagon sayar da tabarau, wuni take yi tsakanin madubai. A nan ta fara ganin kamar kumatunta sun faɗa.

Da ta je neman allurar ciko kumatu, likitar fata ta ce mata, "Ƙanwata, wannan allurar ta waɗanda fatarsu ta saki ce. Sa fata take ta yi ta kauri wata da watanni, kuma in ta shiga ba a zuƙe ta. Ke me ya yi miki zafi?"

Auta ta fita ta nemi inda ba a tambaya, aka yi mata allurar.

Sannu a hankali fuskar ta cika fam, har da 'yan gudaji a ƙarƙashin fata. Ranar da ta je gaida kakarta makauniya, tsohuwar ta shafa fuskarta, sai hannun ya tsaya.

"Wace ce?"

"Ni ce, Kaka."

Tsohuwar ta ce, "Tun da uwarki ta rasu, a fuskarki nake taɓa ta."

Auta ta kifa kai a cinyarta, ta fashe da kuka.