Faranti Biyu a Gidan Maiturare

Wata bakwai na yi ina zuba abincin rana a faranti biyu, kuma ni ce mai wanke su, don haka ina da bakin magana. A gidanmu na unguwar Utaibiyya, nan ƙasa mai tsarki, tun zamanin kakanmu da ya zo daga Kano a ƙafa, maza a faranti ɗaya suke ci. Mazan kuwa yanzu biyu ne kacal: Baba, wato Alhaji Idris Maiturare, da ƙanena Mukhtaru.

Mukhtaru yana yi wa alhazai jagora a Mina wata guda a shekara, sauran watannin kuma barci ne sana'arsa. Sai wani abokinsa ya kai shi wata gona a hanyar Jumum, bayan iyakar Harami, inda wani Kyaftin Ayman yake horar da karnukan tsaro don gasa. Kallo ya je yi, ya dawo bakinsa cike da labarin wani kare mai suna Ra'ad. Kafin wata biyu, mutumin da sai an yayyafa masa ruwa yake tashi ya koma riga ladan farkawa.

Ranar da Baba ya ji, bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi, da ya fi sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Mariama, raba mana faranti. Hannuna cikin turare yake yini, nasa a bakin kare."

Mukhtaru bai bar gonar ba, amma ya yi iya ƙoƙarinsa. Kayan da yake horo da su can yake barin su. Ya ajiye gwangwanin ƙasa a bakin famfon tsakar gida, kullum ya dawo sai ya wanke hannu sau bakwai, ɗaya da ƙasa, yana ƙirgawa da ƙarfi don Baba ya ji. Baba yana ji, ya ci gaba da cin abincinsa. Mukhtaru kan mai da abin wasa, amma ni na ga yadda yake juya baya idan zai ci nasa, kuma abin yana ci mini rai.

Ranar Juma'ar da gasarsu ta farko ta rage kwana ɗaya, na ga jallabiyarsa a rataye. A gidanmu ba mai fita babbar hidima, ko jarrabawa ce ko tafiya, sai rigarsa ta sha turare. Na kifa kwando a kan kasko, na zuba haɗin Baba mafi tsada, na shimfiɗa rigar a kai har hayaƙin ya ratsa ta. Ina jin kaina wata babbar yaya mai hankali.

Bayan la'asar ya sa hannu a aljihun rigar, ya fito da guntun fata, da guntun katako, da ɗan ƙyalle. Ya kai su hanci, ya zauna a ƙasa.

"Yaya Mariama, me kika yi? Khalas, kin gama da ni."

Ashe a gasar akwai bin sawu. Zai taka fili shi kaɗai, ya yar da abubuwan nan uku a kan hanya, daga baya kare ya bi sawunsa da hanci, ya kwanta a gaban kowanne. Shi ya sa kwana uku yake yawo da su a jikinsa don su ɗauki warinsa. Ra'ad kuwa bai taɓa jin turaren gidanmu ba, tun da kayan gona daban suke. Na rasa inda zan sa kaina.

Sai muryar Baba daga falo: "Kawo in ji."

Ya karɓi fatar da yatsa biyu, ya rufe ido, ya shaƙa a hankali yadda yake yi a shago. "Ga sandal, ga hawi. A ƙarƙashinsu kuma ga ka nan, zufarka ce. Turare ba ya kashe warin mutum, hawa kansa yake yi. Shekara arba'in ina gaya wa mata haka."

"Abuya, kare ba..." Mukhtaru ya fara ce wa Baba.

"Ni dai na ji. In karen naka bai ji ba, ba shi da hanci." Baba ya miƙa masa fatar, ya dube ni. "Gobe bayan asuba ki fito da mota."

Ba don Mukhtaru ya je ba, na san Babana. An taɓa sana'arsa ne.

Mun isa gonar, inda za a yi gasar, rana ba ta yi zafi ba. Baba ya tsaya can nesa da shinge, hannayensa a baya, kamar mai tsoron iska ta shafa masa wani abu. Mukhtaru ya taka filin ya dawo, aka jira, sannan ya fito da Ra'ad a doguwar igiya. Karen ya dasa hanci a ƙasa yana tafiya a tsanake. Da ya iso kan fatar sai ya yi atishawa sau biyu, ya girgiza kai, ya wuce ta. Na ga kafaɗun Mukhtaru sun sauka.

"Hawin ya yi masa yawa," in ji Baba. Ban san lokacin da ya matso jikin shingen ba.

A kan katakon Ra'ad ya rage sauri. Ya shinshina, ya sake shinshinawa, sannan ya kwanta, abin yana tsakanin ƙafafunsa. Haka ya yi a kan ƙyallen.

"Ya same shi a ƙarƙashi," Baba ya ce a hankali. "Masha Allah. Wannan ya san aikinsa."

Daga nan aka zo sashen tsaro. Wani ƙato ya fito da sanda, ya sa hannunsa cikin wani hannun riga mai kauri. Ra'ad ya tashi sama ya cafke hannun, mutumin yana jijjiga shi, bai saki ba. Mukhtaru ya faɗi kalma ɗaya daga nesa. Karen ya saki, ya zauna, yana kallon mutumin.

"Kalma ɗaya?" Baba ya tambaye ni. "Ni shekara ashirin da shida ina yi wa yaron nan magana."

Na huɗu suka zo cikin bakwai. Kyaftin Ayman ya ce ba don fatar nan ba da sun zo na biyu, ni kuwa na yi kamar ba na jin Larabci.

A gida na zuba tuwo da miyar kuka, na fito da faranti biyu yadda na saba. Mukhtaru ya nufi famfo, ya jawo gwangwaninsa. Baba ya tashi, ya ɗauki butar alwalarsa, ya bi shi.

"Miƙo hannu."

Ya zuba masa ruwa sau ɗaya. Mukhtaru ya kai hannu wajen ƙasar, Baba ya ture gwangwanin da ƙafa.

"Ya isa. Gasa ta gaba ni zan haɗa turaren, ba hawi." Ya juyo. "Mariama, juye wancan a nan."

Na juye. Suka zauna, Baba ya yi bismilla, ya gutsuro lomar farko daga gefen Mukhtaru. Ni kuwa na ɗauki farantin da ba komai a ciki na shige kicin, na daɗe ina wanke shi, don ba na so su ga fuskata.